GARIN BAKTERIYA: ABIN DA YA HAƊA DATTIN HAƘORI DA CIWON HUHU

A ranar 17 ga watan Satumba na shekarar 1683, wani ɗan kasuwar yadi a garin Delft na ƙasar Holan, mai suna Antoni van Leeuwenhoek, ya aika wa ƙungiyar masana kimiyya ta birnin Landan da wata wasiƙa. A cikinta ya bayyana yadda ya kankaro farin dattin da ke maƙale tsakanin haƙoransa, ya dama shi da ruwan sama, sa'an nan ya duba shi da wani ɗan madubin ƙara girma wanda shi da kansa ya ƙera. Sai ya ga ƙananan halittu masu rai tinjim, wasu suna ninƙaya, wasu suna juyi kamar katantanwa. Waɗannan halittu su ne a yau muke kira bakteriya.

Akwai wani gwaji da mutumin ya yi wanda bai sami kulawar da ta dace da shi ba sai bayan kusan shekara 300. Ya kuskure bakinsa da ruwan khal mai ƙarfi, wato binega, ya sake kankaro dattin ya duba, sai ya tarar da yawa daga cikin halittun suna nan da ransu. Amma da ya zuba ruwan khal ɗin kai tsaye a kan dattin da ya riga ya dama, nan take suka mutu. Bayanin da ya bayar shi ne, ruwan khal na kashe na waje ne kawai, ba ya ratsa dattin ya kai ga na ciki. Wannan ɗan gwaji shi ne mabuɗin darasinmu. Za mu duba wurare biyu a jikin ɗan Adam, haƙori da huhu, mu ga yadda bakteriya ke amfani da dabara ɗaya tak wajen zama a cikinsu shekara da shekaru, duk da magani da garkuwar jiki.

Ginin haƙori a ƙarƙashin madubi

Idan aka tsaga haƙori gida biyu daga sama zuwa ƙasa, za a ga hawa uku. Na waje shi ne farin ɓawo mai ƙyalli da masana ke kira inamel. Ƙarƙashinsa akwai dantin, mai launin ruwan ƙwai, wanda shi ne mafi yawan jikin haƙori. Can tsakiya kuma akwai ɓargon haƙori, inda jijiyoyin jini da na ji suke.

Babu abin da ya kai inamel tauri a jikin mutum, ko ƙashi bai kai shi ba. Kimanin kashi 96 cikin ɗari na nauyinsa ma'adini ne da ake kira haidiroksiyafatayit, wanda haɗi ne na kalsiyam da fosfet. Kaurinsa yakan kai milimita 2.5 a kan tudun turame, ya riƙa sirancewa yayin da ya doshi dasashi. A ido yakan yi kama da tangaran, sumul ba gaɓa, amma madubi ya nuna ba haka yake ba. An gina shi ne da sanduna miliyoyi, daga kimanin miliyan 5 a ƙaramin haƙorin gaba zuwa miliyan 12 a turmin sama. Kaurin kowace sanda kimanin maikuromita 5 ne. Maikuromita kuwa ɗaya ce bisa dubu na milimita, wato sanduna goma sha huɗu ne za su jeru a faɗin silin gashi ɗaya. Kowace sanda ita ma dami ce na zaren ƙanƙarar ma'adini, wanda gashi ya fi shi kauri fiye da sau dubu.

Sandunan ba su miƙe sak ba. A ɓangaren ciki na inamel, wani rukuni yakan karkata hagu, na kusa da shi ya karkata dama, kamar saƙar zana. Amfanin wannan shi ne, idan tsaga ta fara daga sama, ba za ta sami miƙaƙƙiyar hanya ba, sai ta yi ta karo da sanduna masu gicciye har ƙarfinta ya ƙare. Shi ya sa abu mai gautsi kamar gilashi yake jure taunar gyaɗa da aya da ƙashi har tsawon rayuwa.

Wasu ƙwayoyin halitta ne da ake kira amilobilas suke gina inamel tun haƙori na cikin dasashi. Kowace rana suna ƙara kimanin maikuromita 4, suna barin alama, har masana kan iya ƙidaya kwanakin da ginin ya ɗauka. A haƙoran yara akwai ma wani layi na daban da ke nuna lokacin da aka haifi jaririn. Sai dai da zarar haƙori ya tsiro, waɗannan magina sun ƙare aiki, sun ɓace. Mai karatu ya riƙe wannan da kyau: fata tana warkewa, ƙashi yana ɗoruwa, amma inamel da ya rurake ba ya sake tofowa.

Dantin kuwa abu ne mai rai. Kimanin kashi 70 cikin ɗari nasa ma'adini ne, saura zaren furotin da ruwa, don haka yana da ɗan laushi, yana zame wa inamel matashi. A cikinsa akwai ƙananan bututu cike da ruwa, da suka taso daga ɓargo suka nufi waje. A murabba'in milimita ɗaya akwai kimanin 20,000 kusa da inamel, da kimanin 45,000 kusa da ɓargo. Motsin ruwan cikin bututun nan ne ke taɓa jijiya, shi ne zogin da mai zaizayayyen haƙori yake ji idan ya sha ruwan sanyi. Faɗin bututun kuwa daga kimanin maikuromita 1 ne zuwa 2.5, daidai yadda bakteriya za ta iya kutsawa.

Yadda ake kafa gari a kan haƙori

Mintoci kaɗan bayan an goge haƙori, furotin na yawu yakan lulluɓe shi da wani siririn mayafi. A kan wannan mayafi ne baƙin farko, akasarinsu dangin Streptococcus, suke mannewa. Su kuma sai wasu jinsuna su manne a jikinsu. An gano jinsin bakteriya kimanin 700 da kan zauna a bakin ɗan Adam, kuma giram ɗaya na dattin haƙori yana ɗauke da bakteriya wajen biliyan 100.

Daga cikinsu akwai Streptococcus mutans, wadda J. K. Clarke ya fara warewa daga ruɓaɓɓen haƙori a Landan cikin 1924. Gwanintarta ita ce sarrafa sukarin rake zuwa wani abu mai danƙo, wanda take yaɓawa a jikinta da na maƙwabtanta. Da wannan danƙo taron bakteriya yake zama gari mai ganuwa, da lunguna da magudanan da abinci ke bi. Duk wanda ya taɓa sa hannu cikin randar da ta kwana biyu ba a wanke ba, ya ji santsin nan, to ya taɓa irin wannan gari. Masana suna kiransa bayofim. A wannan darasi za mu kira shi yaɓin bakteriya.

Tun 1890 Willoughby Miller, wani likitan haƙori Ba'amurke da ke aiki a Balin, ya nuna cewa kogon haƙori aikin asid ne da bakteriya ke fitarwa bayan sun ci sukari. Ba tsutsa ba ce, kamar yadda aka daɗe ana zato a ƙasashe da yawa, har da tamu. Ana auna ƙarfin asid da ma'aunin pH, inda 7 take tsaka-tsaki, kuma duk saukar lamba ɗaya tana nufin ƙarfin asid ya ninka sau goma. Inamel yakan fara narkewa idan pH ya sauka ƙasa da kimanin 5.5. A shekarun 1940 Robert Stephan ya auna abin da ke faruwa cikin dattin haƙori bayan an kuskure baki da ruwan sukari: cikin 'yan mintoci pH yakan faɗi ƙasa da wannan iyaka, kuma yakan ɗauki minti 30 zuwa awa guda kafin ya dawo. Abin da ke dawo da shi shi ne yawu, wanda ke ɗauke da baikabonet mai kashe kaifin asid, da kalsiyam da fosfet masu cike gurbin abin da ya narke. Yaɓin bakteriya yana riƙe asid a jikin haƙori, yana kuma tare yawu.

A nan akwai lissafin da ya kamata ɗalibi ya yi wa kansa. Wanda ya shanye alewa biyar a zama ɗaya ya jawo wa haƙoransa hari ɗaya. Wanda ya riƙa tsotsa ɗaya bayan ɗaya daga safe zuwa la'asar ya jawo hari biyar, bai kuma bai wa yawu damar gyara ba. Asid yakan bi gefen sandunan inamel ya ci ƙasa, saman yana nan lafiya, sai a ga farin tabo kamar alli. A wannan mataki ana iya gyarawa, musamman da sinadarin fuloraid na man goge baki, wanda ke shiga cikin ma'adinin ya sa shi jure asid har zuwa pH kimanin 4.5. Idan saman ya rufta, bakteriya sun sami bututun dantin, hanya ta buɗe zuwa ɓargo.

Cutar kaurin majina

Yanzu sai mu bar baki mu gangara huhu. Shi ma huhu yana da nasa tsarin shara. Bangon hanyoyin iska yana lulluɓe da ƙananan gasu, suna tsaye cikin siririn ruwa mai zurfin kimanin maikuromita 7, majina tana bisa. Ƙura da bakteriya da muka shaƙa sukan maƙale a majinar, gasun su yi ta kaɗawa fiye da sau goma a daƙiƙa, suna tura ta sama zuwa maƙogwaro, mu haɗiye ba mu ma sani ba.

Akwai wata cuta ta gado da ke lalata wannan tsari, ana kiranta sistik faiburosis. Likita Dorothy Andersen ce ta fara bayyana ta filla-filla a birnin New York cikin 1938, bayan ta binciki gawarwakin yaran da suka mutu da rama da ciwon huhu. A lokacin tsananin zafin da aka yi a birnin cikin 1948, likitoci suka lura da yawa daga jariran da zafi ya galabaitar masu wannan cuta ne. Bin wannan sawu ne ya kai Paul di Sant'Agnese ga gano cewa guminsu gishiri ya yi masa yawa, ya buga sakamakon a 1953. Har yau auna gishirin gumi shi ne babban gwajin tabbatar da cutar. A 1989 kuma Lap-Chee Tsui da John Riordan a Toronto, tare da Francis Collins a Michigan, suka gano ƙwayar gadon da ke da alhaki, a kan kuromosom na 7.

Wannan ƙwayar gado ita ke ba da umurnin ƙera wani furotin mai suna CFTR, wanda ƙofa ce a bangon ƙwayar halitta. Ta wannan ƙofa sinadaran kuloraid da baikabonet suke fita, ruwa kuma ya bi su. Idan ƙofar ta lalace, ruwan da gasun huhu ke tsaye a ciki sai ya ƙafe, majina ta yi kauri da danƙo, ta danne gasun. Haka kuma majinar takan toshe hanyoyin fankiriyas, gaɓar da ke ba hanji ruwan narkar da abinci, sai yaro ya yi ta ci amma yana ramewa. An san sauye-sauye fiye da 2,000 a wannan ƙwayar gado. Mafi yawa shi ne wanda ake kira F508del, inda aka rasa tubali ɗaya tak daga cikin tubala 1,480 da suka haɗu suka yi furotin ɗin.

Yadda ake gadon cutar daidai yake da yadda ake gadon sikila: sai yaro ya karɓi gurɓatacciyar ƙwaya daga uwa da uba duka. Ta fi yawa a tsakanin Turawan arewacin Turai da zuriyarsu, inda kimanin mutum 1 cikin 25 yake ɗauke da ƙwayar ba tare da ciwo ba. Ana samunta a tsakanin baƙar fata ma, ko da yake ba ta kai haka yawa ba. Likitocin Afirka ta Kudu sun tabbatar da ita a yara baƙaƙe, da wani sauyi dabam da na Turawa. Abin damuwa shi ne alamominta, wato tari marar jin magani da rama da zawo mai maiƙo, suna kama da na tarin fuka da tamowa, don haka inda babu gwajin gumi, da wuya a gane ta.

Baƙuwar da ba ta tafiya

Majinar da ba ta motsi gona ce ga bakteriya. A ƙuruciya, Staphylococcus aureus da Haemophilus influenzae ne suka fi damun mai cutar. Daga baya sai Pseudomonas aeruginosa ta shigo. Wannan bakteriya tana ko'ina, a ƙasa da ruwa da magudanar wurin wanka, kuma ba ta cika cutar da lafiyayyen mutum ba. Ita ce kan ba ruɓaɓɓen ƙuna launin tsanwa-tsanwa.

A shekarun 1970 Niels Høiby, a birnin Kofenhegen na Danmak, ya lura cewa Pseudomonas da ake samu a kakin masu tsohon ciwo tana zaune ne dunƙule-dunƙule cikin wani abu mai yauƙi. A 1978 William Costerton da abokan aikinsa a Kanada suka buga bayanin cewa zama cikin yaɓi shi ne al'adar bakteriya a ko'ina, a duwatsun rafi da tumbin saniya da kan haƙori. A 1980 kuma suka nuna irin waɗannan dunƙulen a huhun masu sistik faiburosis ta madubin lantarki. Tun zamanin Robert Koch an saba nazarin bakteriya a warwatse cikin kwalba, ana kuma gwada magani a kansu a haka. Ashe an daɗe ana auna ƙarfin maƙiyi a fili, alhali shi a cikin ganuwa yake yaƙi.

Abin da ke faruwa a huhun shi ne, bayan watanni ko shekaru, wata ƙwayar gado ta Pseudomonas mai suna mucA takan lalace. Aikinta kuwa taka birki ne ga samar da wani danƙo da ake kira aljinet. Da birki ya tsinke, sai bakteriya ta yi ta fitar da danƙon ba ƙaƙƙautawa. Bambanci da haƙori shi ne, a nan garin ba ya manne da bango, yana cikin majinar ne tsundum. Amma kariyar iri ɗaya ce. Danƙon yana rage saurin shigar wasu magunguna. Can tsakiyar dunƙulen iskar oksijin ta yi ƙaranci, alhali magani irin su tobramaisin sai da oksijin suke shiga jikin bakteriya sosai. Na ciki kuma sukan rage girma da rarrabuwa, kamar masu barci, alhali dangin fenisilin suna kashe mai rarrabuwa ne. A gwaje-gwajen ɗakin bincike, bakteriya cikin yaɓi kan jure maganin da ya ninka abin da ke kashe 'yan'uwansu na warwatse sau 100 zuwa 1,000. Da an daina magani, waɗanda suka tsira sai su farfaɗo.

Abin mamaki, mafi yawan ɓarnar da ke samun huhu daga sojojin jiki take fitowa. Fararen ƙwayoyin jini da ake kira nitirofil sukan yi dafifi su kewaye dunƙulen, amma ya fi ƙarfin haɗiyarsu. Sai su zubar da makamansu a wurin, daga ciki har da ilastes, mai narkar da zaren da ke ba huhu talewa. Idan sun mutu kuma, zaren DNA na cikinsu yakan zube cikin majina ya ƙara mata kauri. A haka hanyoyin iska suke buɗewa su yi tabo, numfashi yana raguwa shekara bayan shekara.

Inda cutar huhu ta bar alama a haƙori

Dangantakar ba ta tsaya ga kama ba. Sa'ad da amilobilas suke ƙarasa ginin inamel, haɗuwar ma'adinin tana fitar da asid, kuma idan ba a kashe kaifinsa ba ƙanƙarar ba za ta cika girma ba. Da baikabonet suke kashe shi, kuma ƙofar CFTR tana cikin kayan aikinsu. A 1996 aka ba da rahoton cewa ɓerayen da aka cire wa wannan ƙwayar gado haƙoransu na gaba sukan fito fari fat kamar alli, masu saurin zaizayewa. Binciken likitocin haƙori da dama ya kuma sami tabon inamel ya fi yawa a masu cutar. A huhu ma haka: a 2012 masana a jihar Iowa ta Amurka suka nuna, a jikin aladu masu cutar, cewa rashin baikabonet yana sa ruwan hanyar iska ya yi tsami, tsamin kuma yana raunana sinadaran da jiki ke kashe bakteriya da su.

Alama ta biyu daga magani ta zo. A shekarun 1950 an riƙa ba yara masu sistik faiburosis tetirasaikilin na dogon lokaci, kuma a cikinsu ne likitoci suka fara lura haƙora suna fitowa da launin ɗorawa, daga baya su koma ruwan ƙasa ko toka. Maganin yana kama kalsiyam, ya shige cikin dantin da ake kan ginawa, ba ya kuma fita. Wannan ne dalilin da ya sa ba a ba mai ciki da yaron da bai kai shekara 8 ba tetirasaikilin. Ga mu da muke ganin ana sayen kafso mai ja da ruwan ɗorawa a kasuwa ana ɗura wa yaro mai zawo, wannan gargaɗi namu ne kai tsaye.

Tarwatsa gari ya fi jifansa daga waje

Tunda magani ba ya ratsa yaɓi da kyau, dabara ta farko ita ce rushe shi da hannu. A haƙori abin da sauƙi: buroshi ko asuwaki, safe da dare, kafin dattin ya daskare ya zama dutsen da sai likita ya kankare. Ruwan kuskure baki, komai tsadarsa, ba ya maye gurbin gugar, kamar yadda ruwan khal na Leeuwenhoek bai maye ba.

Huhu kuwa ba ya goguwa. Don haka mai cutar yakan kwashe lokaci kullum ana bubbuga masa ƙirji, yana motsa jiki, yana tari don fitar da kaki. A 1993 aka amince da wani maganin shaƙa mai yanka zaren DNA da ke cikin majina. A 1997 aka amince da tobramaisin na shaƙa, don ya isa huhu da ƙarfin da allura ba za ta iya kaiwa ba tare da cutar da ƙoda da kunne ba. Ana kuma shaƙar ruwan gishiri mai ƙarfin kashi 7 cikin ɗari don ya jawo ruwa cikin majina. Likitocin Danmak sun koya wa duniya cewa a far wa Pseudomonas tun ranar da aka fara ganinta a kaki, kafin ta yi ganuwa, a kuma raba masu ɗauke da ita da waɗanda ba su kamu ba a asibiti.

Babban sauyi ya zo ne da magungunan da ke gyara ƙofar CFTR kanta: na farko a 2012, sai haɗin magani uku mai suna Trikafta a 2019, wanda ya dace da kusan kashi 90 cikin ɗari na masu cutar a Amurka. A shekarun 1950 yaran da yawa ba sa kaiwa shekarun shiga makaranta. A yau hasashen tsawon ran jaririn da aka haifa da cutar a Amurka ya haura shekara 50. Sai dai farashin da aka sa wa maganin a can ya wuce dala 300,000 a shekara. Bugu da ƙari, binciken da aka yi bayan fitowarsa ya nuna cewa a jikin da yawa daga waɗanda Pseudomonas ta riga ta kafu, yawanta yakan ragu ƙwarai, amma ba ta ƙarewa.

Aiki a aji

Malami na iya samo ƙwai biyu dafaffu. A shafe ɗaya da man goge baki mai fuloraid, a bar shi kwana huɗu, a wanke, sa'an nan a tsoma su duka cikin ruwan khal a kofin gilashi. Ɗalibai su lura da wanda ya riga fara fitar da kumfa, su kuma taɓa ɓawon bayan awa shida. A faɗa musu cewa ɓawon ƙwai kalsiyam kabonet ne, ba irin ma'adinin inamel ba, don haka ya fi saurin narkewa.

A darasin gado kuma, a sa su ninka 1/25 da 1/25 da 1/4, wato yiwuwar uba yana ɗauke da ƙwayar, da yiwuwar uwa tana ɗauke da ita, da yiwuwar ɗa ya gaji duka biyu. Za su sami 1 cikin 2,500, wanda ya yi kusa da adadin haihuwar masu sistik faiburosis a Ingila. Sa'an nan su sake lissafin da sikila, inda kimanin mutum 1 cikin 4 a Nijeriya yake da AS, su kwatanta amsoshin biyu.